Kawu, Ka Sayi Gidan Amma da Inshora

Kawu ya tambaye ni ko ya sayi gida a nan Dubai. Ni dai na ce ya saya, amma da inshora. Ranar 16 ga Afrilu 2024 aka tafka ruwan da ba a taɓa gani ba tun 1949, ya shiga gidaje. Gwamnati ta ware dirhami biliyan 2 don gyara, amma na 'yan ƙasa ne. Baƙo kuwa takardarsa ce gatansa. Maƙwabcina mai inshora ya ɗauki hotuna, aka biya shi. Wani kuma tasa ba ta ambaci ambaliya ba, ko sisi bai samu ba. Kawu, ka duba wannan sharaɗin kafin ka sa hannu. A gaida Inna.