WANDA YA DAINA ƊAGA WAYARKA: SALLAMA UKU CE



Yau maganarmu a kan ciwon da ba ya jin sassaƙe ne. Kaka ta yi, masara ta shiga buhu, ana ta lodi zuwa Funtua da Dandume, amma wanda ka ranta wa kuɗin taki da damina ya daina ɗaga waya. Ko yaron da ya kawo kuɗin gaisuwa gidanka ya tafi cirani, wata huɗu shiru, yarinya na ta ramewa. Ko amininka, ka ga ya karanta saƙonka a WhatsApp, ko "amin" babu.

Abin da ciwo. Ka'abu ɗan Malik, da aka ƙaurace masa kwana 50 bayan yaƙin Tabuka, Madina kanta sai da ta zame masa baƙon gari. Shi ya san dalili ma, balle kai da aka bari cikin duhu.

Fara da uzuri. Mun ga 2021, da aka rufe layukan waya a Funtua da Malumfashi, mutane suka yi ta zargin juna a banza. Wani kuma kunyar bashi ce ta ɓoye shi.

Amma uzuri na da iyaka. Abu Musa ya yi sallama sau uku a ƙofar Sayyidina Umar, ba a amsa ba, ya juya, don haka Annabi (SAW) ya koyar. To, waya ma ƙofa ce. Ka kira, ka tura saƙo, ka aika dattijo. Daga nan ka tsaya. Kira ashirin a dare ɗaya zubar da girma ne, kuma shi ke kawo rashin barci, ya tayar wa mai hawan jini da ciwonsa.

Janyewa daban, gaba daban. Gaba fiye da kwana uku haramun ce. Kun haɗu a masallaci ko wajen jana'iza, yi masa sallama. In ɗan uwanka ne na jini, zumunci na nan. Sirrinka da aljihunka dai ka tsare. Bashi na gaba a rubuta da shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta. Maganar yarinya kuwa, magabata su je wa magabatansa, a yanka wa'adi. Bai cika ba, a mayar musu da kayansu, kada a jingine 'yar mutane.

Ga mai ƙuncin zuciya: talbina. Garin sha'ir cokali 2, a dama da madara kofi 1, a dafa kamar kunu, in ya huce a sa zuma. Nana A'isha ta kasance tana umartar a yi wa masu baƙin ciki. Mai ciwon suga ya bar zumar. A riƙe azkar na safe da yamma. In ciwon kai da rashin barci sun wuce mako biyu, a je asibiti a auna jini.

Allah Ya haɗa mu da masu riƙon amana. A tura wa 'yan uwa.