Rauni Ya Warke, Natsuwa Ba Ta Dawo Ba

Tun da aka hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar birnin Abuja a 2006, da yawa daga cikinsu suka koma neman abinci a garuruwan da ke kan hanyar Kefi, wato Mararraba da Masaka da maƙwabtansu. Hanya ce mai cunkoso, ga motoci ga babura. A 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta sa hular kwano, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don ba'a. Amma wanda ya tsaya a bakin kasuwar Masaka zai ga kawuna da yawa a buɗe.

In mutum ya faɗi kansa ya bugu, akan kai shi asibiti a ɗinke rauni, wani lokaci a ɗauki hoton kai a ce ƙashi lafiya, jini bai taru ba. Bayan kwana kaɗan sai ya koma kan babur, domin mai babur na jiran kuɗinsa, iyali kuma na jiran cefane. Alhali kuwa akwai lahanin da hoto ba ya nunawa. Ana magana da shi hankalinsa ya tafi, ya manta unguwar da fasinja ya faɗa masa, hayaniya kaɗan ta rikita shi. A gida sai a ce lalaci ne, ko ma a ce iskoki.

To, ashe wannan abu yana aunuwa. Ƙwaƙwalwa da wani ɗan lantarki take aiki, wanda wani likitan Jamus, Hans Berger, ya fara ɗauka a jikin ɗan Adam a 1924. Na'urar ana kiranta EEG. Akan manna ƙananan faya-fayan ƙarfe wajen 20 a fatar kai, ba allura, ba zafi. Sai a kaɗa wa mutum sauti iri ɗaya a kai a kai, a riƙa jefa wani dabam jifa-jifa, a ce ya ƙirga shi. Duk sa'ad da baƙon sautin ya zo, ƙwaƙwalwar da ta natsu takan amsa bayan kamar sulusin daƙiƙa. Samuel Sutton da abokan aikinsa suka bayyana wannan amsa a Amurka a 1965, ita ce ake kira P300. Ga waɗanda suka bugu a ka sau da yawa takan makara, ko ta zo da rauni.

Likitoci dai ba sa yanke hukunci da ita kaɗai, sai sun haɗa da tambayoyi da gwajin tunani, a Nijeriya ma an fi sanin na'urar wajen binciken farfaɗiya. Amma ta tabbatar cewa kukan majinyacin ba ƙarya ba ne. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa guda, fasinjan da ke baya kuwa bai san matuƙinsa ya faɗi makon jiya ba.