Kuɗin Zance Ba Ya Sayen Ran 'Ya Mace

Ranar Talata 26 ga Maris, 2024, ana cikin azumi, Mai Shari'a Sanusi Ado Ma'aji na Babbar Kotun Jihar Kano ya yanke wa Frank Geng Quangrong, ɗan ƙasar Sin, hukuncin kisa ta hanyar rataya. A daren Juma'a 16 ga Satumba, 2022 ne mutumin ya kutsa gidan su tsohuwar budurwarsa Ummukulsum Sani Buhari, wato Ummita, a unguwar Janbulo, ya daddaɓa mata wuƙa a gidan iyayenta. Ya ce kare kansa ya yi, kotu ta yi watsi da wannan. Hukuncin ya yi daidai, kuma muna goyon bayansa.

Abin da har yau yake ci mana rai shi ne maganar da ta biyo bayan gawar. Shi a kotu ya yi ta lissafin miliyoyin da ya ce ya kashe mata. A teburin mai shayi kuwa, da majalisun ƙofar gida, da Facebook, sai ka ji ana cewa: "Ai ita ma ta ci kuɗinsa." Mutanen da ba za su iya yanka ko kaza ba sun buɗe baki suna nema wa wuƙa uzuri.

Mu a Maiduguri mun san abin da ake kashewa wajen neman aure. Duk wanda ya ratsa Kasuwar Litinin, ko bayan gobarar Fabrairun 2023 da ta cinye dukiyar jama'a, ya ga yadda ake haɗa lefe: gwaggon ango ta zauna kan benci tana ɗaga atamfa zuwa haske, tana murza leshi, a wuce wajen masu humra da turaren wuta, yaro ya ɗauki akwati a ka zuwa bakin titi. Wani saurayin bashi ya ci, wani gumin shekaru ne. In aka ce an fasa, akwai zafi, ba mu raina shi ba. Amma abin da ya saya a rumfar nan zane ne da turare. Yarinyar ba ta cikin cinikin.

Kuma hanya a buɗe take. A mazhabar Malikiyya da muke bi, idan fasawar daga ɓangaren mace ta fito, manemi na iya neman a mayar masa da kayansa. Akwai waliyyai, akwai mai unguwa, akwai alƙali. Wanda ya tsallake waɗannan duka ya ɗauki makami, ba kuɗinsa yake bi ba, mallakar mutum yake so.

Irin wannan kisa yakan aiko da saƙo kafin ya iso: kiran waya ba dare ba rana, tsayuwa a bakin layi, "in ba ni ba, babu kowa." A gida sai a ce wa yarinyar ki yi haƙuri, so ne, kada a tara mana jama'a. Dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda Jihar Borno ta amince da ita a 2022, ta ɗauki bibiyar mutum da razana shi a matsayin laifi, ta kuma ba kotu ikon hana mai barazana kusantar wadda yake wa. Iyaye nawa suka san da haka?

Hukuncin rataya ba zai cike wannan giɓi ba. Sai gwamna ya sa hannu ake zartarwa, kuma rabon da a ji an zartar a Najeriya tun 2016 a Jihar Edo, alhali fiye da mutum 3,000 na zaune a kurkuku suna jira. Don haka muna kira ga Ma'aikatar Shari'a ta Borno ta fassara dokar zuwa Kanuri da Hausa, a karanta ta a rediyo, limamai su kawo ta a huɗuba. 'Yan sanda kuma, in uwa ta zo da 'yarta ta ce tsohon saurayi na barazana, a rubuta ƙorafin, a kira shi ranar nan, kada a sallame su da cewa maganar gida ce.