Kafin ka ɗauki kuɗin abincin kaji ka sayi injin tsaga katako na hannu



Satin da ya wuce wani ɗan uwa ya turo min hoton injin tsaga katako, irin mai tebur ɗin nan da faifan zarto ke leƙowa ta tsakiyarsa. Na hannu ne, wai wani kafinta ne zai tashi daga shago ya sa shi a kasuwa. Ya ce shi fa kafintoci sun kai shi bango, keji ɗaya sai a yi sati uku ana gobe ana jibi, gara ya saya ya riƙa haɗa kejinsa da katakon tamfol ɗin kifinsa da kansa. Na ce bari in amsa masa a nan, don na san ba shi kaɗai ke wannan lissafin ba.

Ra'ayina a gajarce: mafi yawanmu ba ma buƙatar wannan injin, ko da a rabin kuɗinsa aka ba mu. Ni na saya, ina kuma amfani da shi, don haka ba hassada ce ke magana ba.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, aikin injin tebur shi ne tsaga, wato ka bi tsawon falanki ka fitar da sirara daga cikinsa. To mu a gona me muka fi yi? Datsewa. Ka sayo tu-bai-tu ko tu-bai-fo mai ƙafa 12, ka datse shi ƙafa huɗu-huɗu ko shida-shida, ka buga ƙusa. Katakon da ke riƙe tamfol ɗin tarwada kusan duk haka yake. Kuma ɗora dogon katako a kwance a kan tebur don a datse shi yana cikin hanyoyin da suka fi jawo rauni, domin da ya ɗan karkace zai maƙale wa faifan. Wannan aikin zarton hannu mai kaifi ya ishe shi, in ya yi yawa ka sayi ɗan injin da ake riƙewa a hannu. Tsagar kuwa, duk wanda ya taɓa shiga 'Yan Katako a Na'ibawa ko Fanteka a Kaduna ya san masu inji na nan kusa da masu sayarwa. Ka ba su awo, su tsaga maka, ka biya kuɗin layi, ka ɗora a Keke ka tafi. Kuɗin da za ka zuba a inji, ka lissafa buhu nawa na abinci zai saya maka, sannan ka tambayi kanka keji nawa kake haɗawa a shekara. In biyu ne ko uku, magana ta ƙare.

Wanda injin zai yi wa rana shi ne mai aikin da ba ya yankewa: yana haɗa akwatunan ƙwai, da kejin rainon 'yan tsaki, da ƙofofin raga, har maƙwabta suna ba shi nasu. Akwatin ƙwai kusan ƙafa ɗaya ne ta kowane ɓangare, ɗaya ga kaji huɗu zuwa biyar. Mai kaji 500 a ƙasa ka ga yana neman wajen ɗari, duk awo ɗaya. A irin wannan ne injin tebur ke nuna kansa, ka saita sau ɗaya ka yi ta turawa. Kuma ga irin wannan mutumin, ni na fi son tsohon inji mai nauyi, mai teburin ƙarfen zubi da moto mai jan bel, a kan sabo mara nauyi da za ka iya ɗauka da hannu ɗaya. Tsohon ana gyara shi. Bel, boris, kafasita, duk akwai su a kasuwa.

Amma fa kafin ka duba komai, duba ɗan allon da ke manne a jikin moton. Nan ni na sha ƙasa. Na ga inji fes, na ji farashi, na biya, sai da aka sauke shi a gona mai gyaran wuta ya ce min ai wannan na wuta mai layi uku ne, ni kuma layi ɗaya gare ni. Sai da na sayi wani moton, arhar ta tashi a banza. Wutarmu 230 ce, a kan 50Hz. Injin da aka yi don Amurka yawanci 120 ne a kan 60Hz, in ka soka shi kai tsaye ka ƙona shi, in ka sa masa tiransifomar rage wuta kuma sai ka nemo babba, ba irin ta rediyo ba. Sannan ga janareta. Doki ɗaya na moto wat 746 ne, mai doki biyu ya kusa 1,500 ke nan, kuma a lokacin tashi yana jan ninkin haka sau da yawa. Ɗan janaretan da kake kunna wa fitilun 'yan tsaki da famfon ruwan kifi ba zai tayar da shi ba. In ma ya yi ƙoƙari, ranar da ya ƙone kifinka ne za su kwana babu canjin ruwa.

In wuta ta yi daidai, to sai gwaji, kuma kada ka yarda da "ai jiya ma mun yi aiki da shi". Tun ba a kunna ba, a zare filogi a gabanka. Kama faifan ka girgiza shi hagu da dama. In yana motsi, ko boris ya mutu ko sandar da ke riƙe faifan ta lanƙwashe. Boris abu ne mai sauƙi, sanda kuwa in ta lanƙwashe ka bar musu kayansu. Ɗora doguwar rula ta ƙarfe a kan teburin ka leƙa ƙarƙashinta, in haske na wucewa sosai teburin ya lotsa. Tsatsar sama kada ta tsorata ka, samfefa da ɗan mai za su fitar da ita, har ma ka samu abin neman ragi. Tsagewa a jikin ƙarfen zubi ita ce ba ta da magani mai daɗi.

Sai ƙarfen da katako ke jingina da shi yana tafiya, wanda ake saita faɗi da shi. Ɗaure shi, ka tura shi da hannu ka ga ko zai gusa. Ka auna tazararsa da faifan ta gaba, ka auna ta baya. In bayan ya fi matsewa, injin zai riƙa ƙona katako yana kuma neman jefo maka shi. Bayan nan a kunna, a bar shi ya yi kamar minti goma, ka saurara, ka shinshina, ka taɓa jikin moton bayan an kashe. Warin ƙonewa ko zafin da hannu ba zai iya jurewa ba, alama ce ta koyil ɗin da aka sake naɗawa ba da kyau ba. Ka zo da guntun katakonka mai tauri daga gida, kada ka bari su gwada maka da ɗan siririn falanki mai laushi.

Faifan kansa ba abin damuwa ba ne, sabo za ka saya. Sai dai ka auna ramin tsakiyarsa, domin na Turai yawanci milimita 30 ne, na Amurka kuma kusan 16, kada ka je ka sayo wanda ba zai zauna ba. Na tsaga mai haƙora kamar 24 ya isa. Faifan da ya tsage aka yi masa walda kuwa, ko kyauta aka haɗa maka da shi ka jefar.

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni. A bayan faifan akwai wani siririn ƙarfe da ya kamata ya tsaya, mai lanƙwasa kamar lauje. Da yawa daga injinan hannu za ka tarar an cire shi, wasu na ƙirar masu walda kuma tun asali ba a sa musu ba. Mai sayarwa zai ce maka ai ba ya aikin komai. Yana yi. Katakon da muke saya sau da yawa ɗanye ne, yana fita daga faifan sai tsagar ta nemi haɗewa ta matse shi ta baya. Haƙoran baya sama suke tahowa, sai su ɗaga katakon su wurgo shi wajen cikinka ko fuskarka, hannun da ke turawa kuma ya zarce kan faifan. Ba ka da lokacin janyewa. Wannan ɗan ƙarfen shi ke hana tsagar rufewa. In babu shi, kuma babu wurin da za a ɗaura wani, ni dai ba zan saya ba ko nawa aka rage. Murfin saman faifan ma a tambaya ina yake.

Makunnin ma a duba. Mu da wuta ke ɗaukewa ba sallama ta dawo ba sallama, makunni na gama-gari haɗari ne: an ɗauke wuta, ka manta ba ka kashe ba, yaron gona ya zo yana share tebur, aka kawo wuta. Akwai makunni mai kore da ja wanda ke sakin kansa da zarar wuta ta ɗauke, ba ya tashi sai an sake dannawa. In injin ba shi da shi, sa kuɗinsa cikin lissafi tun kafin ciniki. Kuma ranar aiki a ajiye babbar riga da safar hannu, a naɗe hannun riga, a yanki sandar turawa. Inda yara ke shiga ɗaukar ƙwai ba wurin ajiye shi ba ne.

Wani zai ce ai ko ba komai zai samu shimfiɗar kaji kyauta. A'a. Abin da wannan injin ke fitarwa gari ne mai laushi, ba irin faffaɗar dusar da injin goge katako ke fitarwa ba. 'Yan tsaki na tsattsagar garin su cika ciki da shi, ƙurarsa kuma ta dame su a numfashi. In na ɗanyen katako ne ka tara shi ya yi fumfuna, ka jawo wa kanka ciwon huhu a ɗakin raino. Na katakon da aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai, da na filawud mai gam a ciki, kada ma su kusanci kaji.

Shi ɗan uwan da ya turo hoton na ce ya koma ya ɗauko min hoton allon moton da na bayan faifan, don a wanda ya turo ban ga ƙarfen nan ba. Na kuma tambaye shi keji nawa ya haɗa bara. Ya ce biyu.