Ƙungiyoyin Ɗalibai da Abin da Ya Kamata Ya Tara Su

Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami yana ɗaukar darasu ya san karatu ba ya ƙarewa sa'ad da malam ya rufe littafi ya miƙe domin alwalar Azahar, gama a lokacin ne almajirai sukan ja tabarma gefe guda, wanda ya fahimta ya yi wa wanda bai fahimta ba bita, a yi ta muraja'a da jayayya a kan mas'ala guda, har abin da kunne ya ji ya sami mazauni a zuciya. Jami'a ma tana da irin wannan tabarma, ita ce ƙungiyoyin da ɗalibai suke kafa wa kansu, inda yaro yake fara sanin yadda ake miƙewa a gaban jama'a a kawo hujja, yadda ake riƙe amanar kuɗin mutane, da yadda ake haƙuri idan shawara ta tafi inda ba ya so. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na ga tabarmar nan tana nan a shimfiɗe, amma abin da ake tattaunawa a kanta ya sauya.

A zangon karatun da ya wuce na kai wa ɗan ƙanwata ziyara a wata jami'a ta ƙasar nan, muka tsaya a gaban allon sanarwa da ke bakin ɗakunan kwanansu, na bi takardun da aka manna ɗaya bayan ɗaya ina karantawa. Galibinsu kiran taro ne na 'yan jiha kaza, da 'yan ƙaramar hukuma kaza, da 'yan masarauta kaza, har da na tsofaffin ɗaliban wata sakandare. Takardar ƙungiyar muhawara kuwa guda ɗaya na gani, rana ta koɗar da ita, kwanan watan da ke jikinta ya yi wata uku da shigewa. Na tambaye shi ko yana zuwa, sai ya ce, "Kawu, ai waɗannan ba su da ko ɗakin taro, kuma ba wanda zai taimake ka da komai a can. Ta 'yan garinmu ce take bin mana maganar sikolashif."

Ba zan zalunci ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya ba, domin na san alherinsu. Su ne suke tarbar baƙon ɗalibi ranar da ya sauka a tasha da akwatinsa bai san gabas ba bai san yamma ba, su nuna masa inda ake rajista, su sama masa wurin kwana kafin a raba gadaje. Idan ya kwanta ciwo su suke jinya, idan kuma ajali ya riske shi a nesa da gida, su suke haɗa kuɗin mota su raka gawa har gaban iyayensa. Wannan zumunci ne wanda addini da al'ada duka suka yi umarni da shi. Illa iyaka, abin da yake tara su abu ne wanda kowa ya zo da shi daga gida, watau wurin haihuwa, alhali kuwa an gina jami'a ne domin ta haɗa mutum da wanda bai taɓa sani ba a kan wani aiki da zai fi ƙarfin kowannensu shi kaɗai.

A shekarar 1958, a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda daga baya aka shigar da ita cikin Jami'ar Ahmadu Bello sa'ad da aka buɗe ta a 1962, wasu ɗalibai masu koyon zane suka kafa 'yar ƙungiya tasu. Akwai Uche Okeke da Demas Nwoko, akwai Bruce Onobrakpeya daga ƙasar Urhobo, akwai Yusuf Grillo daga Ikko. Harshe bai haɗa su duka ba, addini ma bai haɗa su duka ba, sai dai tambaya guda da ta hana su sukuni: don me malamansu, waɗanda galibinsu Turawan Ingila ne, za su riƙa koya musu zane bisa ƙa'idar Turai kaɗai, kamar ƙasar da ta ƙera tagullar Binin da Ife ba ta da abin da za a koya daga gare ta? Suka riƙa zama bayan darasi suna muhawara, a lokacin hutu kowa ya koma garinsu ya binciko zanen kakanninsa, shi Okeke ya koma kan uli, zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango, sa'an nan suka gwama abin da suka samo da abin da aka koya musu a aji. Ƙungiyar ba ta yi tsawon rai ba, 'yan shekaru kaɗan ta yi, amma har yau ba a rubuta tarihin zanen zamani a Nijeriya ba tare da an tsaya a kanta ba.

Haka kuma Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda yara 'yan makaranta suka assasa a Ikko a 1954, Lateef Adegbite ya zama shugabanta na farko, ta haɗa Bayarabe da Bahaushe da Banufe a kan ta'alimi da lura da masallaci, kamar yadda takwararta ta ɗalibai Kirista, wadda aka fara a Gindiri a 1957, ta haɗa ƙabilu masu yawa a kan nasu karatun. Ƙungiyoyin Hausa na jami'o'inmu su ma, da Makon Hausa da suke shiryawa, sun shigo da makaɗa da marubuta waƙa har cikin zauren da ake gabatar da muƙalu, aka zauna ana nazarin fasaharsu da idon ilmi. Kuma a ganina irin wannan hidima tana daga cikin abin da ya share hanya har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988.

To, yaya aka yi muka zo inda muke? Wani ɓangare na amsar yana cikin tarihin tsoro. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1956, gwamnatin soja ta haramta ta a 1978 bayan tarzomar da ta tashi saboda ƙarin kuɗin abinci da masauki, wadda aka zubar da jinin ɗalibai a cikinta a Ikko da Zariya. Aka sake kafa wata a 1980, sa'an nan ran 23 ga Mayu, 1986, 'yan sanda suka shiga harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru aka sake rasa rayuka, kuma a 1989 aka yi dokar soja wadda ta ƙara wa hukumomi iko a kan ƙungiyoyin ɗalibai. Tun daga wancan zamani ya zauna a zukatan masu mulkin jami'o'i cewa duk inda ɗalibai goma suka taru suna magana fitina ce take shirin tashi, ga kuma ƙungiyoyin asiri da suka addabi wasu jami'o'i, waɗanda suka ƙara wa wannan zato ƙarfi. Ban ce tsoron ba shi da dalili ba, amma wanda ya sha wuyarsa shi ne mai son ya kafa zauren muhawara ko mujallar ɗalibai, wanda sai ya yi ta yawo da takarda daga ofis zuwa ofis har zango ya ƙare, alhali ƙungiyar 'yan gari, da yake ba ta tayar wa kowa da hankali, tana samun izni ba da wahala ba.

Ɗaya ɓangaren kuwa laifinmu ne mu manya. Na taɓa zuwa gidan wani mai riƙe da muƙami, na tarar da samari biyar a zauren baƙi, kowa ya sha sabuwar shadda da hula, sun ɗora wani allon katako mai ƙyalli a kan gwiwa, an lulluɓe shi da takarda. Shugabannin wata ƙungiyar ɗalibai ne suka zo ba shi lambar yabo. Tun da hantsi suke zaune, ranar Talata, ranar da ake lakca, ba su sami ganinsa ba sai bayan La'asar, da ya fito suka zube suna "Ranka ya daɗe", aka ɗauki hoto, aka miƙa musu ambulan. Na ji tausayinsu ƙwarai, domin yara ne masu hazaƙa, kuma ba su ƙago wannan ɗabi'a ba, a wurinmu suka gan ta. Amma yaron da ya koyi cewa shugabanci shi ne jira a ƙofar mai kuɗi, kuma ba wanda zai tambaye shi inda abin da ke cikin ambulan ya shiga, da wane hali zai riƙe baitulmali ranar da aka danƙa masa?

Abin da nake roƙon hukumomin jami'a ba mai tsada ba ne. A ba kowace ƙungiya mai aikin ilmi ɗaki guda da mabuɗinsa na 'yan sa'o'i a mako, a haɗa ta da malami ɗaya mai sha'awar abin, wanda zai zauna a bayan ɗaki yana nasiha ba tare da ya ƙwace ragama ba, a kuma sharɗanta cewa kowace ƙungiya, ta ilmi ce ko ta gari, ba za a sabunta rajistarta ba sai ma'ajinta ya tsaya a gaban 'yan ƙungiya ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, da rasit a hannu. Ku kuma attajirai da masu muƙami da tsofaffin ɗalibai, idan yaran nan suka zo muku da allon yabo, ku karɓe su da mutunci, ku ba su ruwa, sa'an nan ku tambaye su wane aiki suka sa a gaba a wannan zango. In mujalla ce ku biya maɗaba'a kai tsaye, in gasar muhawara ce da wata jami'a ku biya kuɗin mota, ku kuma nemi a aiko muku da kwafi ko sakamako.

Kafin in baro ɗan ƙanwata na roƙe shi ya ci gaba da zuwa taron 'yan garinsu, amma ya nemo wanda ya manna takardar muhawarar nan da rana ta koɗar. Bayan mako biyu ya kira ni ya ce ya same shi, ɗan aji uku ne a sashen shari'a, daga Binuwai, kuma su bakwai ne yanzu, suna zama a gindin wata darbejiya bayan ɗakin karatu kowace Alhamis bayan La'asar, kafin a duba takardar da suka shigar ta neman ɗaki.