A Koya Wa Kwamfuta Aikin Kabon

Kafin a soke mulkin En'e a 1976, akawun da ya san aikinsa ba ya buga takarda sai ya sa kabon a ƙarƙashinta. Kwafe ɗaya ya tafi, ɗaya ya shiga fayil. In gardama ta taso, ko bayan shekara goma ne, fayil ke raba ta.

Yau jadawalin jarrabawa, da ranar rufe rajista, da sanarwar ɗaukar ma'aikata, duk a shafin intanet ake bayyana su. Shafi kuwa ba takarda ba ne. Abin da ya nuna da hantsi yana iya sakewa kafin la'asar, ba tare da ya bar ko alama ba. Malami a Rogo ko akawu a Karaye, in aka tuhume shi da makara, wace shaida zai nuna?

Maganin shi ne a ɗauki hoton shafin. Amma mutum yakan manta, saboda haka sai a ɗora wa kwamfuta aikin. Akwai wurin da ake rubuta mata umarni da haruffa, maimakon a yi ta danne-danne. Tun 2017 manhajar Chrome tana karɓar umarni layi guda, ta buɗe shafi, ta ajiye hotonsa. A 2022 kuma Simon Willison ya fitar da wata kyauta, mai suna shot-scraper, wadda ake ba ta jerin shafuka ta bi su ɗaya ɗaya. A kwamfuta mai aiki da Linux, wata manhaja da ake kira cron ita ke tayar da aikin kowace safiya a sa'ar da aka yanka mata. Sai dai a tabbata kowane hoto yana ɗauke da kwanan wata a sunansa.

Muna jan kunne kan abu biyu. Hoto kaɗai ba ya isa a gaban alƙali, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya bukaci takardar da ke bayyana yadda kwamfuta ta samar da shi. Na biyu, sunayen yara da makinsu amana ne, dokar kare bayanan mutane ta 2023 kuwa ta tsare su. Kada a watsa.

A ganinmu, ya kamata kwalejojin horon malamai su sa wannan cikin darasi, kowane ofishin ilmi kuma ya sami mutum ɗaya da ya iya shi. Allah Ya sa a gyara.