Babur Ma Yana Son Riga, Amma Riga Tana Da Lokacinta

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, yau zancenmu a kan babur ne, wanda da yawanmu ke kira moto. Wani zai ce: mene ne haɗin babur da lafiya da noma? Haɗin babba ne. A ƙauyukanmu babur ne ke kai buhun wake kasuwa. Shi ne ke ɗauko iri da taki. Shi ne ke kai mace mai naƙuda gidan likita cikin dare, in babu mota kusa. Tun daga shekarun 2000, da babura ƴan ƙasar Sin da na Indiya suka yawaita, da wuya mutum ya shiga gari tsakanin Tawa da Damagaram bai ji ƙarar babur ba.

Amma mu dubi yadda muke riƙonsa. Doki muna yi masa rumfa. Jaki muna ɗaure shi a inuwa. Babur kuwa, wanda wani sai da ya sayar da sa ko amfanin gona na shekara kafin ya mallake shi, sai mu jingine shi a tsakar gida. Rana ta doke shi, ƙura ta rufe shi, ruwa ya jiƙa shi. Ranar da ya ƙi tashi, sai mu ce kayan zamani ba su da ƙarko.

Ra'ayinmu shi ne, duk mai babur ya kamata ya yi masa riga, wato mayafin da za a lulluɓe shi da shi in an ajiye. Sai dai riga tana da lokacinta. Wanda ya rufe babur ba bisa ƙa'ida ba yana iya yi masa ɓarnar da ta fi ta barinsa a fili.

Abokan gaba uku

Na farko ita ce rana. A watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a Yamai da Tawa da Maraɗi, wani lokaci ya kai 45. Hasken rana yana cin roba da leda a hankali. Shi ya sa fatar sirdi ke bushewa ta tsage, fenti ya koɗe, gefen taya ya yi tsaga ƙanana kamar kaushin ƙafa. Tayar da ta tsattsage tana iya fashewa a kan hanya, da kaya ko da mutum a baya. Zafi kuma yana rage kwanan batir. Fetur ma ba ya son zafi. Tankin da ya yini a rana, wani abu daga cikin mansa yana bin iska. Kuɗi ne ke tafiya, babur yana tsaye.

Na biyu ita ce ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada, musamman daga arewacin Cadi. Ƙurar nan ta fi gari laushi, tana shiga ko'ina. In ta haɗu da man da ke jikin sarƙa, sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin sarƙa da haƙoran da sarƙa ke bi. Tana shiga ramin makulli ya riƙa cijewa. Tana shiga maɓallan fitila da na ƙaho su daina aiki.

Na uku shi ne ruwa. Daminarmu gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma ruwanta yana zuwa da ƙarfi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sirdin da rana ta tsaga a bazara, shi ne ke shan ruwa a damina, soson ciki ya ruɓe. In murfin tanki ya saki, ruwa ya shiga. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasan tanki. Daga nan ya sa tsatsa, ko ya gangara ya shiga inji a maimakon mai. Ruwa a kan buji ko a cikin wayoyin wuta yana hana babur tashi. Sarƙa kuwa, kwana ɗaya cikin ruwa ya isa ta fara yin ja.

Ban da waɗannan uku, akwai dabbobin gida. Kaji suna hawa su yi kashi, kashin kaza kuwa yana cin fenti. Awaki suna hawa sirdi, suna tauna abin da suka samu.

Yaushe ya kamata a rufe?

A rufe babur in zai kwana a waje. A rufe shi in zai yini a rana, kamar a bakin gona ko a ranar kasuwa, in babu inuwa. A rufe shi in an ga hadari ya haɗu. A rufe shi duk tsawon hunturu, ko da yana ƙarƙashin rumfa, domin rumfa tana tare rana amma ba ta tare ƙura.

Haka kuma a rufe shi in mai shi zai yi doguwar tafiya, kamar masu zuwa cin rani. A nan riga kaɗai ba ta isa ba. A wanke babur, a bar shi ya bushe sarai. A sa wa sarƙa mai. A rufe famfon fetur, a bar inji ya yi aiki a fili har ya mutu da kansa, domin fetur da ya daɗe a ƙananan hanyoyinsa yakan bushe ya zama kamar ƙaro, ya toshe su. A cire wayar batir. Sannan a lulluɓe.

Wanda ya tsaya na ɗan lokaci, don gaisuwa ko sayayya, ba ya bukatar riga. Ya nemi inuwa kawai.

Yaushe ne ba a rufewa?

Wannan shi ne wurin da mutane suka fi yin kuskure, don haka mu karanta shi da kyau.

Na ɗaya, ba a rufe babur da zafinsa. Bututun hayaƙi, wanda wasu ke kira salansa, zafinsa kusa da inji yakan wuce digiri 300. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Leda ko tampol na roba in ya taɓa shi sai ya narke ya manne. Ƙyalle yana iya babbakewa, ga kuma fetur a kusa. A jira kamar rabin awa bayan an kashe inji. A kai hannu kusa da bututun, ba tare da an taɓa ba. In ba a ji hucin zafi ba, to, a rufe.

Na biyu, ba a rufe babur a jiƙe. Wanda ruwa ya doka a hanya, ya iso gida ya lulluɓe babur nan take, ya kulle ruwan ne a ciki. Gari na wayewa rana ta fito, cikin rigar ya zama kamar tukunyar dambu. Tsatsa ba abin da take so kamar ɗumi da laima. A goge shi, ko a bar shi a rumfa ya sha iska tukuna. Ita ma rigar, in ta jiƙe, a shanya ta kafin a naɗe.

Na uku, ba a jan riga a kan babur mai ƙura. Yashin da ke tsakanin riga da tanki yana kankare fenti duk lokacin da iska ta kaɗa. A kaɗe ƙurar da tsumma mai laushi kafin a rufe.

Na huɗu, ba a barin riga sake-sake in ana iska. Mun san irin iskar da ke gabatar ruwa a farkon damina. Riga mai faɗi tana cika da iska, ta ja babur ya faɗi, madubi ya fashe, hannun birki ya karye. A ɗaure ta da igiya ta ƙarƙashin inji. A ajiye babur a jikin bango, inda iska ba ta bugu. In ƙasa rairayi ce ko ta jiƙe, a sa faffaɗan dutse ko katako ƙarƙashin ƙafar babur don kada ta nutse.

Wace irin riga?

Ba dole ba ne sai ta kanti. Telan garinmu yana iya ɗinka ta, in an kai masa babur ya gwada. Riga mai kyau tana da siffa huɗu. Tana da kauri. Launinta mai haske ne, fari ko ruwan toka, domin baƙi yana jan zafi. Tana sauka har ta rufe yawancin taya. Kuma ba ta kai ƙasa, tana barin kamar taƙi ɗaya don iska ta shiga ta fita.

A rani da hunturu, ƙyallen auduga mai kauri ya isa. Tsohon bargo ko tsofaffin zannuwa da aka haɗa suna aiki. A damina ana bukatar abin da ruwa ba ya ratsawa, kamar tampol. Mafi kyau a sa ƙyalle a ciki, tampol a sama. Baƙar leda ita kaɗai ita ce mafi muni. Tana jan zafi, tana tara gumi, kuma iska tana yayyaga ta.

Manoma, mu kula da wannan. Kada mu rufe babur da buhun takin zamani da ba a wanke ba. Taki gishiri-gishiri ne, yana jan laima, yana cin ƙarfe. Buhun da aka zuba maganin ƙwari kuwa, kada a yi amfani da shi sam. Guba ce za ta zauna a sirdi da abin riƙewa, inda hannunmu da jikin yaranmu ke taɓawa.

Abin da wasu ke cewa

Wasu na cewa riga fankama ce, babur ai ƙarfe ne. Mu duba da kyau. Taya roba ce. Sirdi leda ce da soso. Wayoyin wuta da tiyon fetur roba ke rufe da su. Waɗannan su ne ke fara mutuwa, kuma su ne ke tsayar da babur. Kuɗin ɗinka riga sau ɗaya ake biya. Kuɗin makaniki ba ya ƙarewa.

Wasu na cewa inuwar itace ta isa. Gaskiya ne inuwa tana da amfani ƙwarai, kuma rumfar kara ko zana mai kyau ta fi riga wajen tare zafi. Wanda ke da hali ya yi rumfa. Amma inuwar itace tana tafiya da rana. Tsuntsaye suna kashi daga sama. Reshe yana karyewa in ana iska. Kuma ba a ɗaukar rumfa a kai ta gona ko kasuwa. Riga kuwa ana naɗe ta a ɗaure a baya.

Wasu kuma na cewa su a ɗakin kwana suke shigar da babur, saboda ɓarayi. Mun fahimci tsoronsu. Amma fetur yana fitar da tururi ko da babur yana kashe. In tururin ya haɗu da fitilar kananzir, ko garwashin shayi, ko maganin sauro na kunnawa, gobara tana iya tashi mutane suna barci. Hayaƙin inji kuma yana ɗauke da wata iska mai guba, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana sa ciwon kai da jiri, tana kisa a ɗakin da ke rufe. Kada a tada babur a cikin ɗaki. In akwai zaure ko shago da ba a kwana ciki, shi ya fi. In babu, tsakar gida da riga da sarƙa da kwaɗo. Riga tana ɓoye babur daga idon mai wucewa, amma ba kwaɗo ba ce.

Hattara da abin da ke ƙarƙashin riga

Wuri mai duhu da sanyi yana jan baƙi. Kunama da maciji suna iya shiga. Ɓera yana iya yin gida, ya cinye wayoyi. Don haka kada mu cusa hannu cikin duhu. A kama riga ta sama, a ɗaga, a kaɗe ta nesa da jiki. A hana yara wasan ɓuya a ƙarƙashinta, domin bututun hayaƙi yana ƙona ƙafa, babur kuma yana iya faɗo musu.

Bayan an yi ruwa, a zubar da wanda ya taru a lanƙwasar tampol. Ruwan da ya kwanta mako ɗaya zuwa kwana goma ya isa ƙwan sauro ya zama sauro. Ko babur ba ya aiki, a buɗe shi sau ɗaya a mako ya sha iska, a duba taya, a duba ko mai na ɗiga.

Ƴan'uwa, rigakafi ya fi magani. A gari da yawa, babura biyu ko uku ne ke tsakanin marar lafiya da gidan likita. Ciwo ba ya sallama kafin ya zo. Yaro mai zazzaɓi da mace mai naƙuda ba za su jira a goge buji ko a tace ruwa daga tanki ba. Saboda haka mai babur ba kansa kaɗai yake yi wa tanadi ba. Mu riƙe kalmomi huɗu: ya huce, ya bushe, a kaɗe, a ɗaure. Wanda ya kiyaye su, in an buga masa ƙofa da tsakar dare, baburinsa zai tashi.